Shirun Rediyo

'Yar ƙanena ba a san inda ake kashe ta ba, shi ya sa duk layinmu ke kiranta Rediyo. Ta iya surutu tun kafin ta iya tafiya. In ta taso daga makaranta ba gida take fara shiga ba, shagona take faɗowa, ta wurgar da jaka a kan yadin mutane, ta fara karanto labarai: wanda ya yi kuka a aji, wanda ya cinye abincin wani, malamar da ta zo da takalmi wari da wari. Ni tela ce. Shagona a jikin gidanmu yake, bango ɗaya ne tsakanina da rumfar ubanta, wanda kafinta ne. Tsakanin kekena da zartonsa da bakin 'yarsa, ba mai barcin rana a layin nan, kuma ba mu taɓa ba kowa haƙuri ba.

Nakan ce mata, "Rediyo, don girman Allah ki bar kunnena ya sha iska." Sai ta ce, "To Goggo, saura guda ɗaya," ta kawo goma. Ina mita, amma ina son abin har cikin raina. Duk ranar da ta makara sai in ga ɗinkin ma ba ya tafiya.

Uwarta nas ce a asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa, Nas ɗin ma muke kiranta, mace mai sanyin magana. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, abin da har haushi yake ba ni wani lokaci, don ni in ban yi faɗa ba abinci ba ya narke min. Ita ta kafa wata doka a gidan: babu sirri tsakanin babba da yaro. Duk babban da ya ce wa yaro kada ya gaya wa kowa, to a ranar za a gaya wa Mama. Ƙanena ne ya fara ɗanɗana dokar. Ya ɓuya a rumfa yana haɗa wa matarsa teburin madubi na ba-zata, ya roƙi Rediyo ta rufa masa asiri, har da toshiyar baki ta alewa. Ta karɓi alewar, ta jefa a baki, ta shiga gida ta ce, "Mama, Baba ya ce kar in gaya miki yana yi miki tebur, kuma ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo." Mun yi dariya har Nas ta zauna a ƙasa. Shi kuwa ya yini yana rantsuwa ƙafafun daidai suke, ƙasan rumfar ce ta karkace.

A ƙarshen layinmu akwai makarantar da Rediyo ke zuwa, kuma da yamma tana komawa darasin ƙari. Wata rana muna cin abincin rana a tsakar gida, mu huɗu, tana ci tana zuba kamar kullum. Ta gama labarin kyanwar da ta haihu a bayan aji, sai ta ce:

"Kuma sabon malamin lissafi ya ba ni fensiran kala, har da mai ruwan zinariya. Ya ce ni kaɗai ya ba, wai in yi shiru, sirrinmu ne. Ya ce gobe in an tashi in tsaya a aji, zai rufe ƙofa ya nuna min wani abu da ba ya nuna wa sauran yara. Goggo, miƙo min ruwa."

Gabana ya faɗi. Nas ce ta ajiye cokali a hankali, ta miƙa mata ruwan, ta ce, "Kin kyauta da kika faɗa. Ya taɓa tsayar da ke a baya?"

"A'a, gobe ne na farko."

"To ba za ki tsaya ba. Ci abincinki."

Nas ta tashi ta shiga ɗaki ɗauko waya. Kafin ta fito, ƙanena ya riga ya shiga rumfa ya fito da guduma. Idonsa ya yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya damƙi hannun yarinyar ya ce, "Zo ki nuna min shi." Ya ja ta suka fita, cokali na hannunta.

Na bi su da takalmi ƙafa ɗaya ina kiran sunansa, amma ƙanena in ya hau, ko uwarmu ba ta iya sauko da shi. Kafin mu kai ƙofar makaranta rabin layi na bayanmu, wasu da sanduna, mafi yawa ba su ma san abin da ya faru ba. Shugabar makarantar wata gajeriyar mace ce mai kaifin ido. Da ta ji abin da ake faɗa, ta tura malamin cikin ofis ta kulle, ta tsaya a gaban ƙofar ta buɗe hannuwa. Ƙanena ya ɗaga guduma ta saman kanta ya sauke a kan ƙofar, katakon ya tsage. Aka yi ta ihu, a fito da shi, a kashe shi. A cikin wannan hayaniyar na hango Rediyo a jikin bango, ta toshe kunnuwa, tana kallon ubanta. Wata mata kusa da ita ta ce da ƙarfi, "Bakin yarinyar nan ne ya jawo mana wannan bala'i." Har yau in na ga matar nan ba na amsa gaisuwarta da kyau.

'Yan sandan da Nas ta kira suka iso, suka fitar da mutumin ba tare da an taɓa shi ba. Daga baya bincike ya nuna ba a nan ya fara ba. Makarantar da ya baro sun ga take-takensa, suka sallame shi a ɓoye don kada sunansu ya ɓaci, ya ɗauki jakarsa ya zo mana.

Da yammar nan shagona ya cika da mutane, ba don ɗinki ba. Mai burodi ya ce da an bar su sun gama da shi, da kowa ya huta. Matar direba ta ce ita da an rufe maganar, a ba shi hanya ya bar unguwa, don yanzu za a riƙa nuna layinmu da baki. Wata tsohuwa ta ce ai shafar aljanu ce, hayaƙi kawai yake buƙata. Nas na zaune a kan kujerar masu jiran ɗinki, har suka gaji suka juyo gare ta.

Ta ce, "In kun kore shi a ɓoye, unguwar da zai je ba su da yara? Haka aka yi ya zo mana. Abin nan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likitoci sun san shi, babba ya riƙa jin sha'awar yara. Akwai masu zuwa asibiti da ƙafarsu tun ba su cuci kowa ba, su ce a taimake su. Ana taimakonsu, kuma abu na farko shi ne su nisanci yara, su bar duk aikin da zai haɗa su da su. Amma ciwo ba uzuri ba ne. Wanda ya san yana da shi, ya nemi aikin koyarwa, ya fara raba kyauta yana cewa sirri, wannan ya zaɓi hanyarsa, hukuma ce za ta ji da shi."

Mai burodi ya ce, "To ai shi ya sa na ce a kashe."

Ta ce, "In an kashe shi a gaban yara, gobe wane yaro zai sake buɗe baki? Yaro in ya ga maganarsa ta zub da jini, shiru zai yi, ko me aka yi masa."

Ta faɗi haka tana kallon ƙasa, ba ta kalli mijinta ba. Shi yana tsaye a bakin ƙofa, ya juya ya koma rumfa.

Washegari Rediyo ta shigo shagona ta ajiye jaka a kan ƙusa, a hankali, ta zauna. Na jira labarai, babu. Na ce, "Ina kyanwa da 'ya'yanta?" Ta ɗaga kafaɗa. Na ce, "Malamar nan yau takalminta daidai?" Ta gyaɗa kai. Tana cin abinci, tana zuwa makaranta, in an tambaye ta ta ce i ko a'a, shi ke nan. In ubanta ya shigo ɗaki sai ta sami abin yi a wani ɗakin. Ni da na shekara ina roƙon a bar kunnena ya huta, sai ga ni ina taka keke ina share hawaye da ƙyallen mutane.

Muka rikice, muka yi ta shirme. Na ɗinka mata riga mai aljihu huɗu, ta ce ta gode. Na yi mata ƙaryar cewa na ga mai burodi ya faɗa kwata, abin da a da zai ishe ta labarin mako guda, ta ce, "Allah sarki." Ubanta ya sassaƙa mata doki na katako, ya ajiye a bakin gadonta, ya gudu kamar wanda ya yi sata. Kowa a gidan ya koma magana ƙasa-ƙasa, har maƙwabta suka fara barcin rana, suna yi mana sannu da tausayi. Nas ta ce mu daina zagaye ta kamar marar lafiya. Ta kai ta wurin wata abokiyar aikinta mai zama da yara, ta dawo ta ce mana yarinyar lafiyarta ƙalau, tsoro ne, kuma ba tsoron malamin ba ne.

Ƙanena ya zo shagona ya zauna a kan buhun ƙyalle, dogon mutum, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya ce, "Yaya, me zan ce mata? Ni ban iya magana ba."

Na ce, "Ka iya ihu dai, duk layi shaida ne."

"Yaya, don Allah."

Na ji tausayinsa, na rage wuta. Na ce, "Ka ce mata ka yi kuskure. Ba a taɓa jin bakin namiji ya tsage don ya faɗi haka ba."

Ya gwada. Ya je ya tsaya a kanta tana aikin gida, ya yi gyaran murya har sau nawa, ya ce, "Fensirinki na buƙatar fiƙewa," ya fiƙe mata, ya fito yana gumi.

Ana nan sai ga shugabar makaranta ta zo rumfarsa da kanta. Ta ce da farko ya zo ya gyara ƙofar ofis da ya fasa, kuma ba ta son jin maganar kuɗin aiki. Na biyu, iyaye da malamai sun zauna sun yanke shawara: ba malamin da zai sake zama da yaro ɗaya shi kaɗai, ba za a sake ɗaukar kowa aiki ba sai an tambayi inda ya baro, kuma kowace ƙofar aji za a huda mata taga a sa gilashi, yadda duk mai wucewa zai ga ciki. Wannan aikin shi za a ba, tunda an ga yana da ƙarfin hannu a kan ƙofofi. Ta faɗi haka ko murmushi babu, ni kuwa ina bayan bango ina dariya har allura ta soke ni.

Ranar da babu karatu ya kwashi kayan aiki. Nas na wurin aiki, don haka na rufe shago na ce wa Rediyo ta zo ta raka ni kai masa abinci. Ta biyo ni ba musu. Muka same shi a barandar makaranta, ya ciro ƙofar aji ɗaya ya jingine ta da bango. Ya tsaya a gabanta ya miƙe, ya sa fensir daidai idonsa ya yi alama, ya ja layi huɗu da tef ɗin awo. Ƙanena dogo ne, in ya shiga shagona sai ya sunkuya. Tagar da ya zana tana can sama kusa da kan ƙofar. Ya ja da baya yana kallon zanen, yana jin daɗin kansa. Ni ma na ce ya yi kyau, don ni ɗinki na sani.

Ya ɗauki zarto. Sai muka ji wata ƙaramar murya a bayanmu.

"Ya yi sama."

Ƙanena ya tsaya cak, zarto a hannu. Bai juyo ba, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi. Ya ce, "Na'am?"

"Ya yi sama. Shugaba ma ba za ta gani ba sai ta hau kujera. Mu kuma in muna ciki ba wanda zai gan mu, sai dai ya ga fanka."

Ya dubi zanen, ya dubi yarinyar, ya dafe kai. Ya ce, "Wallahi gaskiyarki. Na auna da idona, na manta ba ni zan zauna a ajin ba. Zo ki tsaya nan."

Ta matso ta tsaya a jikin ƙofar. Ya durƙusa a gabanta, ya sa fensir daidai idonta ya yi alama. Suka yi shawara a kan tagar ta zama doguwa, daga idonta har zuwa idon babba. Ya miƙa mata bakin tef ta riƙe.

Tana riƙe da tef ɗin, ba ta kalle shi ba, ta ce, "Baba, in na sake gaya maka wani abu, za ka ɗauki guduma?"

Na juya baya na kama buɗe kwanon abinci da rufe shi, don kada su ga fuskata.

Ya zauna a ƙasa sosai, a cikin garin katako. Ya ce, "A'a. Abin da na yi ranar nan kuskure ne. Na tsorata ne, tsoron ya fito min ta hannu. Ke daidai kika yi, ni na ɓata. Kin ceci kanki, kin ceci yaran da ba ki ma sani ba. Ko me kika gaya min daga yau, zama zan yi in ji."

"Ko me?"

"Ko me."

Ta ce, "Fensiran suna ƙarƙashin katifata. Na so su, shi ya sa na karɓa. Da ban karɓa ba da ba a yi faɗa ba." Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda aka daɗe ana riƙewa.

Ya jawo ta ya rungume. Ya ce, "Kowane yaro yana son fensiran kala, ni ma da an ba ni zan karɓa. Laifin na wanda ya bayar ne da mugun nufi, ba naki ba ko kaɗan. Za mu ba Mama ta kai wa 'yan sanda, ni kuma in sayo miki wasu."

"Har da mai ruwan zinariya?"

"Har da shi."

Ta share hanci da hannun rigar da na ɗinka mata, na kau da kai. Ta ja da baya ta ƙare masa kallo, irin kallon da nake wa yadi kafin in sa almakashi. Sannan ta ce, "To akwai wani. Babban gwangwanin gam ɗinka, sabon nan da ka ce iska ce ta busar da shi. Ni na buɗe zan liƙa kan 'yartsanata, na manta ban rufe ba."

Na san gam ɗin nan. Ya yi kwana da kwanaki yana zagin kamfanin da ya yi shi. Na ga jijiyar wuyansa ta motsa, ya haɗiye wani abu mai girma. Rediyo ba ta ko ƙifta ido ba. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa, ya ja numfashi, ya ce, "Na ji. Na gode da kika gaya min."

Fuskarta ta washe gaba ɗaya. Ta haye kan bencin aikinsa ta zauna tana kaɗa ƙafa, ta ce, "Kuma kyanwar nan 'ya'yanta biyar ne ba huɗu ba, ɗaya ya ɓuya a bayan tanki. Kuma dokin da ka yi min ya fi kama da akuya, amma ina son shi. Kuma Goggo ta ƙona rigar matar direba da dutsen guga, ta ɗinka fulawa a wurin, ta ce mata sabon yayi ne."

Na ce, "Ke! Wa ya tambaye ki?"

Ƙanena ya fashe da dariya har ya kwanta a cikin garin katako, hawaye na bin kumatunsa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, zauna ki ji. Ci gaba, 'yata, ina jin ki."